TAKUNKUMI A KAN HATSI, ƘOFA A BUƊE GA BINDIGA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa, ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum a Nijar. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi. Nijeriya ta rufe iyakarta, ta yanke wutar lantarkin da take ba su. Tambayarmu ita ce: wa aka hukunta?

Amsa tana nan a kasuwanninmu. Manomin Gozaki da na Malumfashi yana noma masara da dawa, fatake su saya a Funtuwa, wani kaso ya bi hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, dabbobi da wake su gangaro mana. Da aka toshe wannan hanya, talakan can ya ɗanɗana kuɗarsa, na nan ma haka. Amma bindigogin da suka bazu cikin Sahel tun faɗuwar Gaddafi a 2011, waɗanda ake tayar da ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara da irinsu, ba ta ƙofar kwastan suke shigowa ba, balle rufe ta ya tsayar da su. An tare buhu, an bar harsashi.

Tarihi ya ishe mu darasi. Lokacin da Sumamatu ɗan Usal ya hana alkamar Yamama zuwa Makka, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sake ta, alhali Ƙuraishawa suna gāba da shi. Ina ga maƙwabcin da muka haɗa harshe da auratayya?

Kuma me aka samu? Tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Abdullahi Bala Lau ta je Yamai neman sulhu a Agusta 2023. An janye takunkumin a Fabrairu 2024 ba tare da Bazoum ya koma kan mulki ba. A Oktoba 2024 Nijar ta hana fitar da hatsinta sai zuwa Mali da Burkina Faso, a Janairu 2025 kuma ta fice daga ƙungiyar.

Saboda haka muna kira ga hukumomi: in za a hukunta masu mulki, a nufi dukiyarsu da tafiye-tafiyensu da makaman da ake sayar masu. A tsananta tsaro kan masu safarar bindiga. Abinci da magani da wuta kuwa, kada a sake mayar da su makamin yaƙi.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.