Sojojin Chatham da wasan ba-ni-in-ba-ka

A filin ƙwallon Dakoro, yaron da ya yanke mutum uku shi ke shan tafi, ko da ya zubar da ƙwallon a ƙarshe. Wanda ya miƙa wa abokinsa kuwa, ba mai tambayar ko ɗan gidan wa ne. Wannan gardama ta girmi kakanninmu, kuma sojoji na cikin waɗanda suka fara tayar da ita.

A garin Chatham na Ingila akwai makarantar da ke horar da injiniyoyin soja. Hafsoshinta suka kafa ƙungiyar Royal Engineers, ta shiga gasar Kofin FA ta farko a kakar 1871-1872, cikin ƙungiyoyi 15. A wancan zamani ɗan wasa yakan sunkuyar da kai, ya tura ƙwallo shi kaɗai har sai an ƙwace. Su kuwa mutanen bariki, da suka saba tafiya cikin sahu, sai suka riƙa miƙa wa juna. Suka ci Hitchin 5-0, suka ci Hampstead Heathens 3-0, suka fid da Crystal Palace a karo na biyu, ba a zura musu ko ɗaya ba.

Ran 16 ga Maris 1872 aka yi wasan ƙarshe a filin Oval na Landan, gaban ƴan kallo wajen 2000, kuɗin shiga sule ɗaya. Kowa ya ɗauka kofin nasu ne. Minti goma da farawa, Laftana Edmund Creswell ya karye a kafaɗa. Doka ba ta san canjin ɗan wasa ba tukuna, sai ya ƙi fita, ya ƙarasa wasan da karayarsa. Jarumta ce, amma ƙungiyar ta zama tamkar ta mutum goma. Wanderers suka ci 1-0 ta ƙafar Morton Betts.

Sojojin ba su canza salo ba. Suka sake faɗuwa a wasan ƙarshe na 1874, sai a 1875 suka ɗauki kofin a hannun Old Etonians.

A Nijar ma bariki bai tsaya kallo ba: ASFAN, ƙungiyar sojojin ƙasa, ta zama zakara a 1971, a 2010 kuma ta kai zagayen rukuni na Kofin Konfederasiyo na Afirka, bayan ta fid da Étoile du Sahel ta Tunisiya.