Kayan Da Motar Shara Ba Ta Ɗauka, Ina Za A Kai Su?

A cikin 'yan shekarun nan hukuma ta sa wa masu sana'ar gwangwan ido ƙwarai. A watan Yuli na shekarar 2023 Gwamnan Barno, Babagana Umara Zulum, ya hana yawon tsintar tsofaffin ƙarafa a jiharsa, saboda 'yan ta'adda suna ta hallaka samarin da ke shiga daji neman ƙarfe, ga kuma ɓarnar da ake yi wa kayan Gwamnati. A watan Janairu na 2025 hukumar Abuja ta hana 'yan bola-jari yawo cikin birni, ta ce su tsaya a manyan jujin bayan gari, ta kuma rufe kasuwannin panteka har mako biyu, domin an addabi tituna da satar murafun kwalbati. A cikin shekarar dai, bayan wani bam da ya zo cikin lodin tsofaffin ƙarafa ya tashi a Kano ya kashe mutane, Gwamnatin Kano ta dakatar da shigowa da irin wannan kaya daga Arewa maso Gabas.

Ba mai hankalin da zai ce waɗannan dalilai ba su da ƙarfi. Amma akwai tambaya guda da dokokin nan ba su amsa ba, ita ce kuwa ta fi shafar maigida. In an kori mai kura da sikeli daga ƙofar gida, wa zai ɗauke mataccen firiji, da tsohon batir, da fasasshen baho? Motar shara, ko a unguwar da take zuwa, kamar ta hukumar REMASAB a Kano, abin da aka tara a juji shi take kwashewa. Ba ta shiga soro, ba ta tsince komai, ba ta bambance guba da ɓawon gyaɗa.

A da wannan magana ba ta taso ba. Sharar gida toka ce da kashin dabbobi da ƙaiƙayi, manoman karkarar Kano kuwa sukan shigo birni da itace bisa jakuna, su koma da mangala cike da taki. Ƙwarya in ta fashe akwai gyartai, tukunyar ƙasa in ta mutu ta zama tsingaro, tsumma ya shiga akumari. Abin da ya fito daga ƙasa ƙasa ke cinye shi. Kayan zamani ne suka zo da abin da ƙasa ba ta iya ci.

Duk da haka yawancinsu suna da mai saye, a nan kuwa ɗan gwangwan ya yi wa gari aikin da hukuma ba ta yi ba. Baƙin ƙarfe, da tsohon gado, da jikin firiji, da injin da ya ƙi gyaruwa, ana auna su da kilo, su bi ta wurin dillalai a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, har su isa masana'antar da ke narka su ta fitar da rodi. Alminiyam maƙera ke zuba shi ya koma tukunya da ludayi. Fasassun robobi da matattun silifas ana niƙa su a masana'antun Sharaɗa, su dawo kasuwa a matsayin buta ko bokiti. Tsohuwar taya takan zama takalmi da igiyar ɗaurin kaya, tsohon tif ya zama guga. Abin da ya rage wa maigida shi ne ya rarrabe kayan tun a gida, ƙarfe dabam, jan ƙarfe dabam, roba dabam, domin kayan da aka cakuɗa da farashin mafi araharsu ake sayensu.

Inda matsala take shi ne batir. Tun da wutar sola ta yawaita, da wuya a sami shago ko gidan mai hali da ba a jibge manyan batura ba, kowanne kuwa 'yan shekaru yake yi ya mutu. Fiye da rabin nauyin irin wannan batir, da na mota, dalma ce, shi ya sa yake da tsada ko da ya mutu. To, tsadar nan ita ce ta zama masifa. Sai mai saye ya sa gatari ya fasa shi a bayan gida, ya tuttular da ruwan batir a kwata, ya fid da farantan dalma, wani ma ya narka su a murhu cikin unguwa. Ƙurar da ke tashi takan kwanta a ƙasar da yara ke rarrafe, su sa hannu a baki. Dalma in ta shiga jikin yaro ƙwaƙwalwa take taɓawa, ta dakushe fahimta da hadda, in ta yi yawa ta kawo jijjiga da mutuwa. Mutanen Zamfara sun ga wannan a shekarar 2010, sa'ad da yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ne suka kawo dalmar, ba batir ba, amma gubar ɗaya ce, hanyar shigarta ma ɗaya ce.

Akwai wani abu a nan da ya kamata malamai su duba da kyau. Ɗalibin da ya karanta Ahalari ko Risala ya san ana gane ruwan da ya ɓaci da sākewar launi ko ɗanɗano ko ƙanshi. Dalma kuwa ba ta sāke ko ɗaya daga cikin ukun nan. Rijiyar da ke kusa da mafasar batir tana iya zama garau, a yi alwala da ruwanta ba wata shubuha, alhali kuwa shansa cuta ne, tafasa shi ma ba ya fid da gubar. Watau tsarkin ruwa dabam, lafiyarsa dabam, awon likita kaɗai ke nuna na biyun.

Saboda haka mataccen batir kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa, kada a kwantar da shi. A ajiye shi tsaye a inuwa inda yaro ba ya kaiwa, sa'an nan a mayar wa wanda ya sayar da sabo, tun da galibin dillalan batir suna karɓar tsoho su rage kuɗi. Haka nan wayar lantarki, a feɗe ta da wuƙa a fid da jan ƙarfen, ba a cinna mata wuta ba, gama hayaƙin rigarta yana cin huhu.

Sai kuma kayan da ba mai ba da ko kwabo a kansu, waɗanda ɗan gwangwan kansa yake tsallakewa. Dogon ƙwan lantarki da nannaɗaɗɗen nan suna ɗauke da zaiba, in sun fashe a ɗaki tururinta ake shaƙa, don haka a naɗe su cikin kwalinsu, kada a bar wa yara su yi wasa. Batirin wayar hannu in ya kumbura ko an huda shi yakan kama da wuta, gara a bar shi wurin masu gyaran waya da a jefa shi cikin sharar da za a ƙone. Baƙin mai na inji a tara shi a jarka a kai wa makanikai. Mazubin maganin ƙwari kuwa a ɗauraye shi sau uku, a juye ruwan cikin injin feshi, sa'an nan a huda shi. Hudawar nan ita ce muhimmiya, don gorar da aka yar lafiya lau gobe ana iya ganinta a hannun mai zoɓo.

A takarda doka ta riga ta faɗi wanda nauyin yake kansa. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fid da ƙa'idar kayan lantarki a 2011, da ta batura a 2024, dukansu kuwa sun ɗora wa masu ƙera kaya da masu shigowa da su alhakin karɓar matattunsu. Amma gwajin farko na wuraren karɓar kayan lantarki a Ikko aka yi shi, magidancin Gusau ko Azare kuwa ba zai yi wa tsohuwar talabijin kuɗin mota zuwa kurmi ba. Hanyar da ta riga ta isa kowane lungu ita ce ta 'yan gwangwan. Abin da ya fi korarsu amfani shi ne a yi musu rajista ta hannun shugabannin sana'arsu, a ba kowa shaida, a tilasta wa dillali rubuta sunan wanda ya kawo masa kaya, a kuma fitar da fasa batir daga cikin unguwa zuwa masana'antar da ke da izini. Ɓarawon murfin kwalbati a wurin dillali yake sayarwa, a nan ya fi sauƙin kamuwa.

'Yan kasuwa ba sai sun jira Gwamnati ba. Ƙungiyar masu sayar da kayan wuta a kowace kasuwa tana iya keɓe rumfa guda da ganga biyu, ta matattun ƙwayayen lantarki da ta ƙananan batura, in sun cika a nemi hukumar muhalli ta jiha ta kwashe. Masu kemis su ma su karɓi maganin da wa'adinsa ya wuce daga hannun masu saye, su haɗa da nasu wanda NAFDAC ke tarawa ta ƙone.

Malaman tsangaya kuwa wannan ba baƙon aiki ba ne gare su, don su ne tun asali ba sa barin takarda mai ayar Alƙur'ani ta gamu da shara, sai a ware ta a ƙone ko a binne a wuri mai tsarki, wankin allo ma ba a zuba shi a kwata. Amma cikin yaran da ke tonon juji da buhu a kafaɗa akwai almajirai da dama, iyayensu kuwa amana suka ba da. Malamin da ya ga ba zai iya hana yaro neman na sabulu ba, to, ya hana shi abu uku ko ta halin ƙaƙa: fasa batir, da ƙona waya, da taɓa sharar asibiti. Ya kuma sa yaron ya wanke hannu da sabulu ko toka kafin ya sa shi cikin akushi.