Kannywood: Ɗan wasa na karɓar sallama sau ɗaya, fim na ci gaba da kawo kuɗi

A watan Fabrairun 2022, fitacciyar 'yar wasa Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa sau da yawa naira 2,000 zuwa 5,000 ake ba ta idan ta fito a fim. Maganar ta tayar da ƙura. Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi sun musanta, inda suka ce sun biya ta fiye da haka. Shi kuwa Naziru Sarkin Waƙa ya mara mata baya, har ya yi mata kyautar kuɗi.

Ƙurar ta lafa, amma tushen rigimar yana nan. Galibin cinikin aiki a Kannywood da baki ake yin sa. Kalmar da ake amfani da ita ma, wato "sallama", ta nuna yadda ake kallon lamarin: a ba ka abin da ya sauwaƙa, ka yi godiya, ka kama gabanka.

Wannan ɗabi'a tana da asali. Makaɗan gargajiya da kyautar sarakuna da attajirai suka rayu, ba da farashi ba. Shi ya sa har yau mai fasaha ke jin nauyin yanka wa aikinsa kuɗi, don kada a ce ya cika son abin duniya.

Sai dai kasuwa ta sauya. A zamanin faifan CD, idan aka sayar da fim a Ƙofar Wambai, ciniki ya ƙare cikin ɗan lokaci. Yanzu shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina sun koya wa jama'a kallo a YouTube. A tsarin kamfanin, mai tasha na samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka saka a dogayen bidiyoyinsa, muddin ana kallo. Ɗan wasan da aka sallama ranar ɗauka ba shi da kaso, sai in an rubuta.

Furodusoshi ma suna da hujja. Su ke zuba jari, su ke ɗaukar asara idan shiri bai karɓu ba, kuma tallan da ake nuna wa masu kallo a Najeriya bai kai na Turai da Amurka tsada ba.

Doka ta buɗe ƙofa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a 2023, ta tanadi haƙƙin 'yan wasa da mawaƙa a kan aikinsu. Amma da wuya ta ƙwato wa mutum abin da bai rubuta ba.

Mafita ita ce ƙungiyoyin masana'antar su tsayar da mafi ƙarancin farashi, a kuma riƙa rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ne: nawa za a biya, yaushe, kuma ina za a haska fim ɗin. Kyauta tana share hawayen rana ɗaya, amma wanda ya tsufa a sana'a haƙƙinsa ne zai riƙe shi.