Alawus ɗin nakasassu a Jigawa: Ina makomar matasan da suka taso bayan an cike gurabe?

A 2007 ne gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 duk wata, inda aka ware wa kowacce daga ƙananan hukumomin Jigawa 27 gurbin mutum 150. A lokacin, kuɗin sun zarce mafi ƙarancin albashin ma'aikatan jihohi, wato naira 5,500.

Gwamnatin Umar Namadi ta ɗaga alawus ɗin zuwa naira 10,000, ta kuma ƙara yawan masu karɓa. Sai dai mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya kai naira 70,000 tun 2024, wanda ke nufin alawus ɗin kashi ɗaya ne kacal cikin bakwai na albashin.

Amma babbar matsalar matasa ita ce ƙofar shiga. Yaron da shan inna ya kama yana ɗan shekara biyar a 2007, yau ya haura ashirin. Tunda adadin a ƙayyade yake, cancanta kaɗai ba ta isa ba; sai gurbi ya samu ko an ƙara yawan guraben.

Rabon daidai-wa-daida ma yana da illa. A ƙidayar 2006, al'ummar Babura ta ninka ta Roni fiye da sau biyu. Idan rabonsu ɗaya, to layin jira ya fi tsawo a Babura. Shi kuwa matashin da ke ƙauyukan Gwiwa, nisa da kuɗin mota na iya hana shi kai kansa wurin tantancewa.

Faɗaɗa shirin na buƙatar kuɗi, kuma muddin babu sahihiyar rajista, 'yan alfarma na iya mamaye sababbin guraben. Don haka ƙidayar masu nakasa mazaɓa-mazaɓa ce ta kamata ta fara zuwa, sannan a raba gurabe bisa yawan mabuƙata.

Kuma alawus kaɗai ba zai raba matashi da bara ba. Dokar da Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019 ta tanadi kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati ga masu nakasa. Kazaure na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, Babura kuma na da Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Idan aka haɗa alawus da tallafin karatu a waɗannan makarantu, matasan yankin za su samu takardun da za su nemi wannan kaso da su.