Kwamfuta za ta iya faɗa mana canjin gobe a kasuwar Arlit?

Wani saurayi daga Akokan, wanda ya koya wa kansa rubuta manhaja bayan rufe COMINAK a watan Maris na 2021, ya kawo mana aikinsa nan gidan rediyo. Kullum yana rubuta farashin naira da dinarin Aljeriya a hannun ƴan canji, sai ya sa kwamfuta ta tace lambobin don ta hango na gobe.

Dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita muke yi a ɗakin watsa shiri: a cire shuu ɗin na'ura, a bar muryar mutum. Shi ma yana cire ƴan hawa da saukar kullum, ya nemi abin da ke maimaita kansa.

To amma kuɗi ba murya ba ne. Tsakanin sefa da yuro ma babu abin hangowa, tun 1999 yuro ɗaya yana nan kusan sefa 656. Inda kuɗi ya girgiza sosai kuwa, hukunci ne na mahukunta. A Janairun 1994, dare ɗaya aka raba darajar sefa biyu. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460, farkon 2024 ta haura 1,500. Ranar 30 ga Yulin 2023 CEDEAO ta rufe mana iyakoki. Wane lissafi ne ya ga waɗannan suna tafe?

Ga kuma jinkiri. Matsakaicin farashin kwana 30 labarin wajen sati biyu da suka wuce yake ba ka, alhali mai ɗauko taliya da dabino daga Tamanrasset ta Assamaka yau zai biya.

Yanzu ana ta maganar kuɗin ƙasashen AES, wadda Janar Tiani ya taɓo a Fabrairun 2024, ko da yake har yanzu muna cikin UEMOA. Ranar da hakan ta tabbata, sai saurayin nan ya soma tara lambobi daga fari.

A ganinmu, littafinsa ya fi hasashensa amfani, don canjin bakin kasuwa sai ka je ka tambaya, kuma kowa da abin da za a ce masa. Mun roƙe shi ya riƙa turo mana farashin safe mu karanta bayan labarai. Na gobe kam, kada kowa ya ci bashi a kansa.