A BI SAWUN YARO, AMMA DA SANINSA

Jama'a, akwai wata magana da ta cika rumfunan kasuwa, ya kuwa kamata mu tofa albarkacin bakinmu. Watau maganar manhajar nan da uba ke sa wa wayar ɗansa, yana zaune a rumfa yana ganin inda yaron ya ke a kan taswira. Wayar yaron ce ke karɓar alama daga taurarin ɗan Adam ta gane inda ta ke, sa'an nan ta aika wa wayar uban ta intanet. Akwai ta kamfanin Life360 na Amurka, wanda aka kafa a 2008, akwai Family Link da Google ya fitar a 2017. WhatsApp ma a 2017 ɗin ya kawo tasa hanyar.

Ba mu ga laifin iyaye ba. Wanda ya ji an kwashe 'yan mata 276 a Chibok cikin 2014, da yara fiye da 300 a Ƙanƙara cikin 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe cikin 2021, ai dole gabansa ya faɗi in magariba ta yi ɗansa bai dawo ba. Haka ɗan kasuwar da ya aiki saurayin ɗansa Dawanau da kuɗin hatsi a aljihu.

Amma fa kada a ruɗe mu. Ɗigon nan da ke yawo a taswira waya ce, ba yaro ba ne. Ɓarawo kuwa waya ya ke fara ƙwacewa. In data ta ƙare, ko caji ya mutu, ko an shiga inda babu sabis, shi ke nan, ɗigo ya tsaya. A Satumban 2021 an katse sabis a jihar Zamfara duka. Wa manhaja ta amfana a lokacin? Sabo da haka tsaron makaranta da hanya yana nan a wuyan waɗanda aka ɗora wa shi.

To, abin da ya fi damun mu shi ne masu yi a ɓoye. Mutum ya ɗauki wayar 'yarsa tana barci, ya kai wa mai gyara ya dasa masa abin da zai riƙa karanta saƙonninta. Haba! Yarinya mai shekara goma sha shida, wadda ake ba ta ajiyar cinikin rumfa, ita za a yi wa haka? Ran da ta gane, za ta kuwa gane, don yaran yanzu sun fi mu sanin waya, sai ta bar wayar gidan ƙawarta ta tafi inda ta ga dama, uban na kallon ɗigo yana murna. Ya rasa sanin inda ta ke, ya kuma rasa bakinta, alhali ran da wani ya tsare ta a hanya, bakin nan ne zai faɗa masa.

Har wa yau, ba uban kaɗai ke gani ba. A Disamban 2021 wata jaridar Amurka, The Markup, ta tona cewa Life360 yana sayar wa dillalai bayanan inda masu amfani da shi su ke. Sai da aka yi ca a kansa, a Janairun 2022 ya ce zai daina sayar wa yawancinsu. Manhajar leƙen asiri mSpy kuwa, ɓarayin intanet sun fasa rumbunta a 2015, suka sake a 2024. Mu da muka san kasuwa mun san ba a ba da kaya kyauta sai da dalili.

Shawararmu ita ce a zauna da yaro a gaya masa. A tsaya kan sanin wuri kawai, a bar masa hirarsa da abokansa. Uba ma ya buɗe tasa wayar yaro ya gan shi, tun da shi ma bin hanya ya ke yi. Ɗan shekara goma sha uku ba ɗaya ya ke da ɗan goma sha bakwai ba, sai a riƙa sassautawa yana girma. Ga yawancinmu ma ta WhatsApp ta isa: yaro da hannunsa zai kunna, na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. In zai tafi ƙauye cin kasuwa ya kunna a tasha, in ya sauka lafiya ya kashe.