Dukiyar Kowa a Gwanjon Dala Biyu

Ranar 19 ga Disamba, 2008, wani ɗalibin nazarin tattalin arziki mai shekara 27, Tim DeChristopher, ya shiga ofishin gwamnatin tarayyar Amurka da ke birnin Salt Lake City a jihar Utah, inda ake gwanjon hayar filaye ga kamfanonin mai da iskar gas. Zanga-zanga ce ta kawo shi, amma a bakin ƙofa aka tambaye shi ko taya ya zo yi, ya amsa da e, aka miƙa masa allo mai lamba 70. Ya zauna yana kallo ana sallama filaye ɗaya bayan ɗaya, daga bisani shi ma ya shiga ɗaga allonsa. Kafin jami'ai su farga, filaye 14 sun faɗo hannunsa, fiye da eka 22,000, a kan kuɗi kusan dala miliyan 1.8 waɗanda ba shi da su.

Filayen da aka kai gwanjo a ranar ba kangon banza ba ne. Wasu suna maƙwabtaka da Arches, keɓaɓɓen wurin shaƙatawa na ƙasa inda ruwa da iska suka sassaƙa jajayen duwatsu fiye da 2,000 kamar ƙofofin ganuwa. Wasu suna kusa da kwazazzaɓan Canyonlands, wasu kuma kusa da wurin tarihi na Dinosaur. Gwamnatin George W. Bush ce ta shirya cinikin a gaggauce, saura wata ɗaya ta sauka. A Janairun 2009 wani alƙalin tarayya ya dakatar da miƙa filayen, sannan a Fabrairu sabon sakataren harkokin cikin gida, Ken Salazar, wanda ma'aikatarsa ce ke riƙe da filayen tarayya, ya soke 77 daga cikinsu, bisa dalilin cewa ba a yi nazarin da ya kamata ba. Ke nan gwamnati da bakinta ta amsa cewa gwanjon ba a yi shi bisa ƙa'ida ba. Duk da haka, a 2011 kotu ta yanke wa DeChristopher ɗaurin shekara 2, ya kuma yi wata 21 a tsare.

Akwai wani hukunci da ya dace a ajiye kusa da wannan. A 1922 sakataren wannan ma'aikata, Albert Fall, ya bai wa attajirai biyu hayar filayen mai na sojan ruwa da ke Teapot Dome da Elk Hills a asirce, ba tare da gwanjo ba. A 1929 aka same shi da laifin karɓar cin hancin dala 100,000, aka yanke masa shekara 1. Wanda ya sayar da amanar jama'a ya sami shekara ɗaya, wanda ya hana a sayar ya sami biyu. Tabbas DeChristopher ya karya doka, kuma shi ma bai musa abin da ya yi ba. Sai dai waɗannan hukunce-hukunce biyu sun nuna abin da tsarin ya fi jin zafinsa, wato a ɓata masa ciniki.

Tun daga lokacin, duk sa'ad da wannan muhawara ta taso, fasali ɗaya ake ba ta. A gefe guda a ajiye masu son kallon duwatsu, 'yan birni masu ƙoshi, a ɗaya gefen a ajiye ma'aikacin da ke neman abin kai wa bakin salati da direban da ke kukan tsadar fetur. Idan aka tsara maganar haka, an gama shari'a tun kafin a zauna, domin babu mai hankalin da zai fifita kyan gani a kan abincin iyali. To amma wannan fasali yaudara ce. Ainihin tambayar ita ce: wakilin da aka damƙa wa dukiyar al'umma, ta rayayyu da ta waɗanda ba a haifa ba, da wane farashi yake sallama ta, kuma wa ke biyan ɓarnar da ta biyo baya?

Amsar tana cikin yadda cinikin ke tafiya. Hukumar kula da filayen tarayya, BLM, tana riƙe da kimanin eka miliyan 245 na doron ƙasa, da ma'adinan da ke ƙarƙashin eka miliyan 700. Dokar hayar ma'adinai ta 1920 ce ta ba ta ikon bayar da haya. Ba hukumar ke fara zaɓen filin da za a kai kasuwa ba. Mai so ne ke nuna wurin da ya yi masa, ya rubuto, kuma shekaru da dama yana iya yin haka ba tare da jama'a sun san sunansa ba. Daga 1987 har zuwa 2022, mafi ƙarancin taya dala 2 ne a kowace eka, kuɗin da bai kai na kofin gahawa a birnin da aka yi gwanjon ba. A wancan lokacin, filin da ba wanda ya taya kuwa, sai ya zauna a kan kanta har shekara 2, duk wanda ya fara zuwa ya ɗauka ba hamayya, ya biya kuɗin takarda da hayar dala 1.50 a kowace eka. Wa'adin haya shekara 10 ne, in kuma rijiya ta fara ba da mai, hayar ba ta ƙarewa sai ranar da man ya ƙafe.

Kason da gwamnati ke karɓa daga man da aka haƙo shi ma abin kunya ne. An sa shi a kan kashi 12.5 cikin ɗari a 1920, zamanin da haƙar mai caca ce, ya zauna a nan shekara 102 ba a taɓa shi ba. Jihar Texas, wadda babu mai zarginta da ƙin mai, tana karɓar har kashi 25 a filayenta, kuma kamfanoni ba su gudu ba. Idan mai riƙon dukiyar marayu ya bayar da gonarsu haya a kan rabin abin da maƙwabci ke karɓa a tasa, har tsawon ƙarni guda, babu alƙalin da zai kira wannan rangwame. Cin amana ne sunansa.

Masu kare tsarin suna cewa ƙasa na bukatar makamashi, don haka tilas a buɗe sababbin filaye. Alƙaluman gwamnati ba su goyi bayansu ba. Rahoton ma'aikatar cikin gida na 2021 ya nuna cewa daga cikin eka sama da miliyan 26 da ke hannun kamfanoni, fiye da rabi ba a fitar da ko ɗigo daga cikinsu. Wanda rumbunsa ke cike da hatsin da bai sussuka ba, ba yunwa ce ke sa shi neman gonar maƙwabci ba. Filin da aka karɓa da arha kadara ce da ake nuna wa masu zuba jari, ko a ajiye ta har farashi ya tashi a sayar wa wani. A tsawon wannan jira, hannun hukuma a ɗaure yake, ba ta da sakewar ware wurin don kiyaye namun daji ko ruwan sha ko kufan tarihi. Ga shi kuma tun 2018 Amurka ce ke kan gaba a duniya wajen haƙo ɗanyen mai, a 2024 ta haura ganga miliyan 13 a rana, kuma mafi yawansa daga filayen 'yan kasuwa da na jihohi yake fitowa. Wanda ke fitowa daga filayen tarayya ma, akasarinsa daga kudu maso gabashin New Mexico ne, ba daga gindin duwatsun Arches ba.

Jihar Alaska ta ba da hujja mafi ƙarfi. Shekaru kusan 40 aka yi ana kokawa a kan gaɓar tekun da ke cikin mafakar namun daji ta yankin Arctic, fili mai eka miliyan 1.5 inda garken barewar ƙanƙara, karibu, ke zuwa haihuwa, garken da al'ummar Gwich'in suka dogara da shi tun kaka da kakanni. A 2017 majalisa ta cusa buɗe wurin cikin dokar rage haraji, da alkawarin cewa zai kawo wa baitulmalin tarayya kimanin dala biliyan 1 cikin shekara 10. Da aka yi gwanjo ranar 6 ga Janairu, 2021, jimillar tayin da aka samu dala miliyan 14.4 ne. Babu babban kamfanin mai ko ɗaya da ya leƙo, kuma hukumar raya masana'antu ta gwamnatin jihar Alaska ce ta kwashe mafi yawan filayen. A gwanjo na biyu, cikin Janairun 2025, ko mutum ɗaya bai taya ba. Hausawa kan ce ba girin-girin ba, ta yi mai. A nan girin-girin aka sha shekara da shekaru, man kuwa ko 'yan kasuwarsa ba su yarda ya cancanci kuɗinsu ba.

Saura batun wanda ke share wurin bayan an tashi daga biki. Doka ta ce kamfani ya ajiye kuɗin lamuni domin toshe rijiya da gyara fili idan ya gama. An sa mafi ƙarancinsa a kan dala 10,000 ga kowace haya a 1960, kuma dala 150,000 da aka ƙayyade tun 1951 ta isa ta rufe dukkan rijiyoyin kamfani a faɗin ƙasar, ko da dubbai ne. Ba a ɗaga waɗannan alƙaluma ba sai a 2024. Abin da ya saba faruwa shi ne, idan rijiya ta tsufa sai babban kamfani ya sayar wa ƙarami, ƙaramin ya tatse abin da ya rage ya bayyana karyewa, rijiyar ta zauna tana tsiyayar iskar gas da gurɓataccen ruwa. Amurkawa da kansu marayun rijiyoyi suke kiransu. A 2021 majalisa ta ware dala biliyan 4.7 daga aljihun masu biyan haraji domin toshe irinsu a ƙasar baki ɗaya. An sayar da akuya, ta dawo tana cin danga.

Ba daidai ba ne a ce ɗaya ɓangaren ba shi da abin faɗa. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar Utah mallakar tarayya ne, kuma ƙananan hukumomi ba sa karɓar harajin ƙasa a kansu, don haka mutanen karkara suna da dalilin jin cewa daga Washington ake juya rayuwarsu. Kusan rabin kason da tarayya ke karɓa yana komawa ga jihar da aka haƙo man, kuma makarantun New Mexico da shi suke numfashi. A 2023, lokacin da sakatariya Deb Haaland ta hana sabuwar haya na shekara 20 a tazarar mil 10 kewaye da kwarin Chaco, inda kakannin al'ummomin Pueblo suka gina manyan gidajen dutse tsakanin shekarun 850 da 1250, waɗanda suka fi nuna fushi su ne wasu iyalan ƙabilar Navajo masu filaye a yankin, domin kuɗin mai ne ke riƙe da gidajensu. Kukansu na gaskiya ne, kuma duk mai kare Chaco da ya toshe kunne gare shi bai yi adalci ba.

Sai dai wannan kuka ba ya wanke tsarin, ƙara tona shi yake yi. Idan da gaske damuwar ita ce makarantar ƙauye da talakan karkara, to masu wannan damuwa ya kamata su fi kowa neman a ɗaga kason gwamnati, tunda rabinsa jiharsu zai koma. Abin mamaki, 'yan siyasar da suka fi ambaton talaka su ne suka fi dagewa a bar kason yadda yake tun 1920. Dokar 2022 ta ɗaga shi zuwa kashi 16.67, ta kai mafi ƙarancin taya dala 10, ta rufe ƙofar ɗauka ba hamayya. Haƙar mai ba ta tsaya ba, ƙaruwa ma ta yi. Amma dokar da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta mai da kason kashi 12.5, ta sake buɗe waccan ƙofa, ta kuma wajabta gwanjo duk bayan wata uku a jihohin yamma. Kuɗin da aka yafe bai shiga asusun makaranta ba.

A wannan kai da komo ne rashin daidaiton yake. Man da aka bari a ƙasa ba ya ruɓewa. Idan bukata ta gaskiya ta zo bayan shekara 50, yana nan inda aka bar shi. Amma hanyar da katafila ta tsaga a hamada, da ɓawon ƙasar da ke ɗaukar gomman shekaru kafin ya farfaɗo, da duhun daren da harshen wutar gas ya kora, da kufan da babbar mota ta niƙa, ba sa dawowa don an canja gwamnati. Mai kare wuri sai ya yi nasara a kowane zaɓe da kowane gwanjo, mai haƙa kuwa nasara ɗaya ta ishe shi.

Saboda haka nauyin kawo hujja a wuyan mai neman haƙa ya kamata ya rataya, ba a wuyan mai cewa a dakata ba. Ya nuna cewa akwai mai a wurin, ya nuna abin da ya yi da filayen da ke hannunsa, ya biya farashin da Texas ke karɓa, ya ajiye cikakken kuɗin gyara kafin ya kafa ƙarfe. Wuraren da ba su da na biyu kuwa, irin su Chaco da kewayen Arches da mahaifar karibu, a cire su daga kasuwa da dokar majalisa, ba da umarnin sakataren da wani zai soke gobe ba, sannan a biya iyalan da hanin ya taɓa diyya ta gaskiya. Babu ɗaya cikin waɗannan da zai kashe masana'antar mai. Abin da za su kashe shi ne ɗabi'ar ɗaukar dukiyar kowa a matsayin dukiyar da ba ta da mai ita.